Yadda zaka koma buga gem ɗin da, ko a waya ko a akwatin asali

Ƙannenmu tambayarsu kullum ɗaya ce, wai Yaya mi kuke gani a gem ɗin da ne, hoto dishi-dishi, mutum ko hanci babu, alhali ga PS5 ta fito tun 2020 har gumin ɗan ƙwallo kana gani a goshinshi. Ni kam na bar musu da su, haɗa masu kawai nake in miƙa masu hannu ɗaya in riƙe ɗaya, kafin a kira la'asar sai ka ji suna cewa dan Allah a ƙara ɗaya. To ga yadda ake haɗawar, ga wanda ya yi zamanin gidan gem a Sabon Layi ko wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina yana son tuna baya, da wanda ma bai riski zamanin ba.

Fara sanin abin da kake nema tukuna, dan shi zai nuna maka hanyar da zaka bi. Gem ɗin da sai an gama shi ake sayar maka. Kamfani ya buga shi a kaset ko a faifai ya shigo kasuwa shi kenan, babu damar ya biyo ka da gyara daga baya tunda akwatin bai san intanet ba, dole su tsaya su ƙarasa aikinsu. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayanshi KB 40 ne, hoto ɗaya mai MB 2 da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau 50, amma cikin wannan ɗan wurin aka cusa duniya 8 da mataki 32 da kiɗan da har yau in an kunna kowa sai ya waiwaya. Na yanzu kau akwai wanda ya haura GB 100, ka saye shi da kuɗinka ka sa ya ce sai ka yi afdet, ka gama ya ce buɗe akawun, ka buɗe ya ce sabis ɗinka ba ƙarfi, datar da ka saya ta wata guda ta tafi a dare ɗaya kuma ko ƙwallo baka taɓa ba. Ga mu a garin da wuta in an kawo baka san yaushe za a ɗauke ba, ai gem ɗin da zaka danna Start ka shiga nan take shi ne namu.

Sai kuma na biyu wanda ni a wurina ya fi na farko, wato abokin karawarka yana gefenka kan tabarma ɗaya. In ka ci shi kana ganin fuskarshi, in ya ce hannun ne bai da kyau sai a yi musanya a sake, duk majalisa ta shaida. Na yanzu yawanci da wani kake bugawa can wata ƙasa wanda in ka ci shi kashe datarshi kawai zai yi ya tafi.

Ban ce duk na da masu kyau bane fa. Tarkace sun fi yawa, mun dai manta da su ne muka riƙe ƴan kaɗan ɗin da suka yi fice. Kuma wahalar da muke yabo, wani ɓangarenta kasuwanci ne tsagwaronshi, da yawansu an fara yinsu ne dan injinan da ake jefa wa kwabo a Japan da Amurka, in baka mutu da wuri ba mai injin bai ci riba ba. Wanda aka yi dan gida kuma gajere ne, in ba a tsaurara shi ba zaka gama shi a yini ɗaya ka ce an cuce ka.

Hanya mafi araha ita ce wayar Android da ke aljihunka. Akwai manhajojin da ake ce wa emuleta, aikinsu su sa waya ta riƙa yin kamar ita ce tsohuwar akwatin. In gem mai kaset kake so, su Mario da Contra da tanka da na Sega, sauke Lemuroid a Play Store, kyauta ce kuma bata da ruɗani. RetroArch ta fi ta iya abubuwa da yawa amma saitinta sai ya sa maka ciwon kai, bar ta sai hannunka ya faɗa. In kuma irin na PSP kake so, wadda Sony ta fitar a 2004, to PPSSPP ce, tun 2012 ake amfani da ita kuma ko ƙaramar waya tana ɗauka. Na PS1 akwai DuckStation da ePSXe, su kan nemi wani ɗan fayil da ake kira BIOS kafin su tashi, PPSSPP kam bata buƙatarshi. PS2 a waya kuwa, in wayarka ba babba bace kar ma ka wahalar da kanka, hoto zai riƙa jan ƙafa murya na karkarwa, wayar ta ɗau zafi a banza.

Bayan ka sauke manhajar sai ka buɗe folda guda a cikin waya ka sa mata suna, ka zuba fayilolin gem ɗin a ciki, kowane iri da ƙaramar foldarshi dan kar su cakuɗe. Da yawa suna zuwa a dunƙule, sai ka warware su da ZArchiver. Na PSP zaka ga ƙarshen sunanshi iso ko cso, na Mario da ƴan uwanshi nes. Sai ka shiga emuletar ka nuna mata foldar, ita zata jero su da kanta. In gem yana sarƙewa a PPSSPP shiga saitin hoto ka mayar da girman hoton kan 1x ko 2x, in bai daina ba ka sa ya riƙa tsallake hoto ɗaya, ka kuma rufe su WhatsApp da Facebook da ke cin ƙarfin wayar ta baya. Lokacin bazara cire wa waya rigarta kafin ka fara, kuma kar ka haɗa caji da gem a tare, zafi biyu kenan kan batir ɗaya.

Maganar inda ake samun fayilolin, gaskiya ɗaya ce, gem ɗin nan suna da masu su ko sun shekara 40, Nintendo musamman bata wasa da haƙƙinta. Hanyar da babu shakku a cikinta ita ce ka kwafo daga faifan da ka mallaka, faifan PS1 ko PS2 kwamfuta mai wurin sa faifai zata mayar maka da shi fayil. Kuma ka riƙe wannan da kyau, fayil ɗin tsohon gem baya ƙarewa da apk ko exe. Duk shafin da ya ce ga Mortal Kombat amma sai ka fara sa wata manhaja, ko ta nemi izinin karanta saƙonninka, gudu, a wayar nan manhajar bankinka take.

Abin da yawanci ke kashe wa mutane gwiwa shi ne bugawa a kan gilashin waya. Ba a yi su dan gilashi ba, babban yatsanka yana buƙatar ya ji maɓalli ya nutse. Nemi hannu mai Bluetooth, ko mai waya ka haɗa da ɗan kan OTG, masu kayan waya a babbar kasuwa suna da shi. In kana da hannun PS4 a gida ma ya wadatar, danna Share da maɓallin PS tare ka riƙe har fitilar ta fara ƙiftawa, sai ka neme shi a Bluetooth ɗin wayar. Wani abin daɗi a PPSSPP, mutum biyu kowa da wayarshi zasu iya karawa ta hosfot ɗin ɗayansu ba tare da an ci data ba, in dai gem ɗin yana da wasan haɗaka kuma iri ɗaya ne a wayoyin biyu.

Emuleta tana baka damar ajiye wasa a duk inda kake, ko kana tsakiyar tsalle. Yana da amfani in an kira ka aike ko an tada sallah. Amma in ka mayar da shi ɗabi'a, duk taku biyu ka ajiye, ka kashe gem ɗin da hannunka, dan fargabar saura rai ɗaya ita ce gishirin abin. Ni shawarata ka ajiye a farkon mataki kawai.

To in kai irin mutanen nan ne da sai sun ji ƙarar tashin akwati hankalinsu ke kwanciya, PS2 zaka nema, ba wata. Ta fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 155, shi ya sa har yau na hannu basu yanke ba, kayan gyaranta ma akwai, kuma tana karanta faifan PS1, kaga ka jefi tsuntsu biyu kenan. In baka samu a nan cikin gari ba, duk mai shiga Kano ka ba shi saƙo ya duba maka Sabon Gari, amma gara ka je da ƙafarka dan akwai abubuwan da sai ka gani da ido.

Na farko juya bayanta ka karanta takardar da ke manne. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In ka ga an rubuta 110 ko 120 kaɗai ka soka ta a bango kai tsaye, ƙara ɗaya zaka ji da ƙauri, an gama. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. Wadda aka rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, ita ce lafiya lau. Lambar da ta fara da SCPH ma tana faɗa maka asalinta, in ta ƙare da 01 ta Amurka ce, 00 ta Japan, 03 ta Ingila, 04 ta sauran Turai. Ko wacce ka saya dai ka haɗa ta da stabilaiza, musamman in da janareta kake.

Na biyu idon da ke karanta faifai, shi ne ke fara mutuwa. Kar ka yarda da cewa ai yanzu aka gwada, a sa faifai a gabanka a buga wasa guda cikakke, ka saurara ko tana ƙas-ƙas tana neman karatu. Ka gwada ramin hannu duka biyun da ramin memori duka biyun, ka juya sandunan hannun ka sake su ka gani ko ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai. In idon ya raunana amma sauran lafiya, kar ka fasa, sai dai ka rage kuɗi sosai, dan akwai hanyar da bata buƙatar ido. Ana sa wata manhaja mai suna Free McBoot a cikin memori kad ɗin nan mai MB 8, tare da wata manhajar mai suna OPL, sai akwatin ta riƙa karanta gem daga filash. Masu gyaran gem sun san aikin, ƴan mintuna ne. Abu biyu dai, ramin USB na PS2 tsohon yayi ne mai jinkiri, saboda haka bidiyon cikin gem zai riƙa tsinkewa amma wasan kanshi yawanci lafiya, sannan wasu daga cikin siraran ƙarshe masu lamba 90000 basa karɓar Free McBoot, tambaya kafin ka biya. Filash ɗin kuma in tsarin FAT32 ne baya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce GB 4 sai an raba shi.

Akwai kuma ƴan sandunan nan na China da ake soka wa a bayan talabijin, a kwali a rubuta gem 10,000 ko 20,000. Tsohuwar dabara ce, mu da muka sayi kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999 a ciki muka tarar gem kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna mun san zancen. Dama akwatunan da muka buga Mario a kansu yawancinsu kwaikwayon Famicom ce ta Nintendo wadda ta fito a Japan a 1983, ba ta asalin bace. Sandunan suna yi wa yara, gem mai kaset da na Sega suna tafiya daidai, amma hannuwansu basa ƙarko kuma PS1 a kansu sai a hankali.

Yanzu talabijin, nan ne mutane da yawa ke cewa ashe gem ɗin ba kyau, alhali ba laifinshi bane. An zana su ne dan tsohuwar talabijin mai ƙeya, ita ke narkar da gefen hoton ya yi laushi, kuma bata da jinkiri tsakanin dannawa da motsi. In akwai irinta a ɗakin ajiya ko wurin mai gyara a unguwa, ɗauko ta, da araha zaka samu. Waya uku ce, mai ruwan ɗorawa ta hoto, fara da ja na murya. In hoton ya fito baƙi da fari ko yana ta birgima, tsarin ne bai zo ɗaya ba, mu nan PAL muke, Amurka da Japan NTSC, duba saitin launi na talabijin ɗin ka canza. Wannan bambancin har gudun wasa yana taɓawa, namu sau 50 yake sabunta hoto a daƙiƙa nasu 60, shi ya sa Sonic na Turai ya fi na Amurka jan ƙafa, har kiɗan. In kuma falasma kake da ita wadda bata da ramukan nan uku, sayi ɗan akwatin da ke mayar da AV zuwa HDMI, ka shiga saitin hoto ka zaɓi yanayin gem dan rage jinkiri, ka kuma mayar da faɗin hoto 4:3. In ka bar shi ya cika fuskar duka Mario zai koma gajere mai faɗi kamar an zauna mashi a ka.

Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt kam bata aiki a falasma, kar ka zagi mai shago. In ka ja kunamar, talabijin na yin baƙi na ƙiftawar ido sannan ta zana farin murabba'i a inda agwagwar take, idon da ke bakin bindigar ya duba ko ya ga hasken. Falasma tana makara wajen nuna hoton, kafin farin ya fito bindigar ta riga ta gama dubawa.

Kula da kaya ba wani dogon zance bane. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, in ka gama ka rufe akwatin da ƙyalle, in kana bugawa ka ɗaga ta daga kan kafet dan iska ta shiga. Hura kaset da baki da muka saba yi, danshin numfashi yana sa ƙarfen ya yi tsatsa, cirewa da mayarwar ce dama ke gyara zaman. Samu auduga da ɗan sifirit na kemis ka goge bakin, ka bari ya bushe. Faifai kuma daga tsakiya ake gogewa zuwa baki, ba zagaye ba.

Mi zaka fara da shi? In ku biyu ne, tanka, asalin sunanshi Battle City na Namco, 1985. Kowane mataki tankokin abokan gaba 20 ne, ku kuma kuna gadin mikiyar nan da ke ƙasa, ɗaya ya tsaya gadi ɗaya ya fita farauta, kuma a nan ake gane wanda bai da haƙuri dan shi zai harbe mikiyar da kanshi. Sai Contra, mataki 8 da rai 3 kacal, amma a ta NES, wato akwatin Nintendo mai kaset, in ka danna sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A kafin Start zaka samu rai 30. A Mario in rayukanka sun ƙare riƙe A ka danna Start, zai mayar da kai farkon duniyar da ka mutu maimakon farkon gem, da yawanmu har muka girma ba wanda ya faɗa mana. A mataki na 1-2 kuma in ka bi ta saman rufin ka wuce bututun fita zaka tarar da bututu uku masu kai ka duniya ta 2 da ta 3 da ta 4. A Sega, Streets of Rage 2 na 1992 har yau ban ga na duka irinshi ba na mutum biyu, sai Street Fighter II wanda sai da hannu mai maɓalli 6 yake daɗi.

Ƙwallo kuwa ai ita ce ta tara mu a gidan gem tun farko. Winning Eleven a PS1, inda kowa ke rububin Najeriya saboda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, in ka zura mashi ƙwallo a gefe ba mai kama shi, wasu kuma su ɗauko Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba dan ƙarfin shot. A PS2 sai PES 6 na 2006 da Adriano na Inter Milan wanda ƙarfin bugunshi 99 ne, daga ko'ina ya saki sai gola ya yi addu'a. In kai kaɗai ne shiga Master League ka fara da su Castolo da Minanda, ƴan wasan da babu su a duniya, ka yi ta tara maki kana sayen na kirki ɗaya bayan ɗaya. Ba sisin kwabo da zaka ƙara, ba data.

In zaku zauna da yawa ku yanke doka tun kafin a kunna, wasa minti 5, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba, in an yi canjaras a tafi fanareti kai tsaye, kuma a hana ɗaukar ƙungiya ɗaya sau biyu a jere in ba haka ba Inter zaku yi ta kallo har dare. Kuɗi kar ya shiga tsakani ko na wasa ne, caca ce, kuma ita ta ɓata sunan gidajen gem a idon iyayenmu tare da gudun Islamiyya. An kira sallah a danna Start a tashi, ba inda wasan zai je tunda ba da wani a intanet kuke yi ba.

In akwai yara a gidan ka duba abin da ke cikin filash ɗin kafin ka bar masu, dan masu lodi zuba komai suke. Tsufan gem baya mayar da shi na yara. Mortal Kombat na 1992 saboda jinin da ke cikinshi har majalisar Amurka sai da ta zauna a kai, daga nan aka kafa hukumar sa wa gem alamar shekaru a 1994. GTA San Andreas da God of War duk na manya ne, a kwalinsu zaka ga 18 ko harafin M. Ka yi masu filash nasu daban, ka zuba Sonic da Crash Bandicoot da tseren mota da ƙwallo, naka kuma ka ajiye a aljihu.